Binciken tsarin birane: abin da jami'a ta sani game da filayen da muke ginawa

Duk damina, da zarar ruwa ya ci wata unguwa, tambaya ɗaya ce ke yawo a fada da gidajen rediyo: wa ya ba da izinin gini a wurin nan? Akwai fannin ilimi da aikinsa ke nan, ya amsa wannan tambaya tun ba a aza tubalin farko ba. Da Faransanci ana ce masa urbanisme idan gari ɗaya ake nufi, aménagement du territoire kuma idan jaha ce ko ƙasa baki ɗaya. Da Hausa sai mu ce tsarin birane da tsarin ƙasa. Masu wannan bincike ba ƴan gida ɗaya ba ne: akwai masana labarin ƙasa, masana zamantakewa, injiniyoyin ruwa, masu zanen gine-gine da masana tattalin arziki. Abin da ya haɗa su shi ne neman sanin inda gari ke miƙewa, wanda ke riƙe da ƙasar, hanyar da ruwa ke bi, da abin da talaka ke kashewa kafin ya isa kasuwa ko asibiti.

Kayan aikinsu ba su da wani sirri. Suna ɗaukar alƙaluman ƙidayar jama'a, su jera tsofaffin hotunan da jirgin sama ya ɗauka kusa da na tauraron ɗan'adam na yau, su ga gonakin da suka koma gidaje da ƙoramun da aka toshe. Suna bi gida-gida da tambayoyi. Wasu kan tare a unguwa wata da watanni, suna sauraron mai unguwa, dillalin filaye, ƴan garuwa da ma'aikacin magajin gari, don su gane yadda abubuwa ke tafiya a zahiri, ba yadda doka ta rubuta ba.

Alƙaluman da ke bayan komai

A lokacin samun ƴancin kai a 1960, mutanen Yamai ba su wuce dubu 30 da ƴan kai ba. Ƙidayar 1988 ta same su kusan dubu 400, ta 2001 ta ba da sama da dubu 700, ta 2012 kuma ta haura miliyan ɗaya. Maraɗi a 2012 tana da mutum kusan dubu 267. Ƙidayar ta nuna al'ummar Nijar na ƙaruwa da kashi 3,9 cikin 100 a shekara, wanda ke nufin ninkuwa cikin shekara 18 ko makamancin haka. Duk wanda zai tsara gari a ƙasar nan, to yana tsara wa mutanen da rabinsu ba a haifa ba tukuna.

Abin da ya fi yawan jama'a damun masana shi ne faɗin ƙasar da garuruwan ke ci. Garuruwanmu a kwance suke girma, ba a tsaye ba. Kowa burinsa fili nasa, ya kewaye shi da katanga, ya gina ɗaki biyu, sauran sai Allah ya hore. Kowace kilomita da gari ya ƙara, sai an ja mata bututun ruwa, turakun lantarki, kwalta da magudanar ruwa, alhali gidajen da za su raba kuɗin aikin kaɗan ne. Shi ya sa sabbin unguwanni kan shekara goma suna sayen ruwan garuwa, da tsadar da ta fi ta mai pompo a tsakar gidansa.

Garuruwa uku, shawara uku ta Turawa

Ba a fahimtar garuruwan nan sai an koma ga shawarwarin da aka yanke a zamanin mulkin mallaka, kuma nan ne bincikenmu ya fi ƙarfi.

Damagaram ce babban birnin ƙasa daga 1911 zuwa 1926, lokacin da gwamna Jules Brévié ya mayar da fadar mulki Yamai. Cikin dalilan da ake kawowa har da ƙarancin ruwa: garin yana zaune ne kan dutse, rijiya ba ta samun abin kirki. Kusan shekara ɗari bayan haka, har yanzu daga nesa ake jawo wa Damagaram ruwa, daga wurare irin su Gogo da Arunguza, kuma kowace bazara maganar ke dawowa. Dutsen da ke hana ruwa taruwa a ƙarƙashin ƙasa shi ne kuma ke hana shi nutsewa da damina, sai ya kwanta a tabkunan cikin gari, da yawansu ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini.

A Yamai, tsarin shekarun 1930 ya raba gari biyu. Turawa suka hau tudun da ake kira Plateau, ƴan ƙasa aka bar su a ɗaya gefen, kwarin Gunti Yena ya zama iyaka tsakani, wai don kiyaye lafiya. A farkon shekarun 1950 mai zanen gine-gine Paul Herbé ya sake zana garin. Manyan hanyoyin tsakiyar Yamai da wurin da ma'aikatu suka taru duk gadon wancan zamani ne. Gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ita ta buɗe ƙetaren kogi, wato Harobanda, inda aka kafa jami'a, inda kuma yau ambaliya ta fi yin ɓarna.

Labarin Maraɗi ya fi kowanne koyarwa. Tsohon garin a cikin kwarin Gulbi yake, kusa da fadama da kurmin da ya kare Katsinawan da suka kafa shi. A 1945 ambaliya ta rushe shi, hukumar lokacin ta tashi garin gaba ɗaya ta mayar da shi kan tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu da filaye murabba'i. Unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo, Limanci da Ƴandaka da sunayensu suka hau. An yi wannan ne da ƙarfin mulki, ba da shawarar jama'a ba, kuma ba wanda zai so a maimaita shi a haka. Amma hujjar da aka bi tana nan daram: ruwa ba ya mance hanyarsa. Yau garin ya cika tudun, ya miƙe ta Zariya da Ali Ɗan Sofo, ruwan da ke gangarowa daga rufin gidaje da tituna kuma yana yanka kwazazzabai a bakin tudun yana neman Gulbi.

Su wa ke binciken

Aikin farko mai nauyi kan Yamai na Suzanne Bernus ne, wanda ya fito a 1969, kan yadda ƙabilu ke zaune a birnin. A 1980 Arouna Hamidou Sidikou ya kare babban kundin digirinsa kan Yamai a jami'ar Rouen ta Faransa, kuma har gobe da wuya ɗalibi ya yi rubutu kan babban birnin bai ratsa ta kansa ba. Emmanuel Grégoire ya fitar da littafinsa kan alhazan Maraɗi a 1986, inda ya nuna yadda gyaɗa da fatauci da Najeriya suka gina garin fiye da duk wani tsarin gwamnati. A sashen labarin ƙasa na jami'ar Abdou Moumouni, Kokou Henri Motcho ya shafe shekaru yana nazarin girman Yamai da yadda ake mulkinta, Hamadou Issaka kuma ya kare kundinsa a Strasbourg a 2010 kan zana taswirar haɗurran birnin, ciki har da ambaliya. A lura da shekarar: kafin manyan ambaliyoyin 2012 da 2020 ke nan.

Akwai cibiyar IRSH ta jami'ar Yamai, wadda ta samo asali daga reshen IFAN na zamanin Turawa. Akwai LASDEL, da aka kafa a Yamai a 2001, wadda ta yi fice wajen nazarin yadda ma'aikatu ke aiki a zahiri. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Jean-Pierre Olivier de Sardan, ya shahara da bambance ƙa'idar da ke rubuce da ƙa'idar da ma'aikaci ke bi a aikace. Akwai AGRHYMET, tun 1974, a fannin ruwa da yanayi. Jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, da suka tsaya da ƙafafunsu a 2010, sun fara fitar da ɗaliban da ke rubutu kan unguwannin da suka tashi a ciki, wanda a ganina shi ne canji mafi amfani a shekarun nan. Masu son zama ƙwararrun tsara gari kuwa, da yawansu Lome suke tafiya, makarantar EAMAU da ƙasashen Afirka da dama suka yi tarayya a kanta.

Fili ya zama kuɗi

Idan aka tattara abin da waɗannan masana suka gano, magana ɗaya ce ke fitowa sau da yawa: a garuruwanmu yankan filaye, abin da ake kira lotisma, ya daina zama hanyar tsara gari, ya koma hanyar samun kuɗi. Ma'aikatar magajin gari ba ta tara haraji mai yawa, tallafin gwamnati ba ya isa ko ba ya zuwa kan lokaci, abin da ke hannunta mai saurin zama kuɗi shi ne ƙasar bakin gari. Sai a karɓi gonaki, a ba masu su wani kaso na filaye a matsayin diyya, a kafa duwatsun iyaka, a sayar. Ruwa da wuta da magudana, waɗanda doka ta ce su riga gini, sai su zo daga baya, in sun zo.

Gwamnati da kanta ta bi wannan hanya. A farkon shekarun 2000, da bashin albashi ya taru, an biya ma'aikata da filaye a madadin kuɗi. Da yawa ba su da halin gini, suka sayar da takardun da araha ga masu hali. Tun ƙarshen shekarun 1990 kuma aka buɗe ƙofa ga ƴan kasuwa masu yanka filaye. Sakamakon shi ne abin da kowa ke gani a bakin Yamai: dubban filaye a yanke, ba kowa a ciki, masu su na jiran farashi ya tashi, yayin da iyalai ke cunkushe a gidan haya a tsakiyar gari.

Mai gona ma ya koyi darasi. Maimakon ya jira a zo a karɓe, sai ya riga hukuma, ya yanka gonarsa da kansa ya sayar da shaidar mai gari ko mai unguwa. Haka unguwanni irin su Talladje da Pays-Bas suka taso a Yamai. Gabriella Körling, wadda ta yi bincike a irin waɗannan unguwanni lokacin tana jami'ar Uppsala a Suwidin, ta nuna cewa mazaunansu ba gudun hukuma suke ba, nemanta suke: su haɗa kuɗi su gina aji, su roƙi a turo malami, su nemi pompo, domin kowane abu na gwamnati da ya shigo unguwa hujja ce cewa ba za a tashe su ba. Ursula Meyer, daga jami'ar Lausanne, ta bi rikicin filayen bakin Yamai, har da na dajin da aka fara dasawa a 1965 don ya kewaye birnin, kimanin hekta 2.500 na dogon yaro, wanda gine-gine da shari'ar magada suka yi ta ci.

Ba dokoki aka rasa ba. Akwai dokar karkara ta 1993 da kwamitocinta na filaye, akwai dokar tsarin ƙasa ta 2001, akwai ta tsarin birane ta 2017. Yamai ta samu babban kundin tsari a 1984, wanda garin ya zarce iyakarsa tun wa'adinsa bai cika ba. Matsalar tana a bakin gari, daidai inda dokar karkara ke ƙarewa ta birni ke farawa, kuma kowane ɓangare na riƙe da takardar da yake ganin ta fi ta ɗan'uwansa.

Jan ruwa

A kan ambaliya, binciken ya kawo abin da ya saɓa wa tunanin mutane da yawa. Kogin Isa yana cika sau biyu a Yamai. Akwai cikar da ke tasowa daga tsaunukan Gine, wadda ke ɗaukar watanni tana ratsa Mali kafin ta iso wajen Disamba da Janairu. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda ƙoramun Gorouol, Dargol da Sirba ke kawowa daga ɓangaren Burkina Faso, ja wur saboda ƙasar da ya kwaso. A da ta farkon ce babba. Yanzu jan ruwan ya sha gabanta.

Masanin ruwa Luc Descroix na cibiyar IRD da abokan aikinsa sun yi bayanin dalili. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, da sare daji da noma ba hutu, fuskar ƙasa ta daskare kamar daɓe. Ruwan da a da yake nutsewa yanzu gudu yake yi. Shi ya sa ƙoramun suka riƙa kawo ruwa fiye da da, tun ma a shekarun da ruwan sama bai kai na da ba. Da damina ta dawo da ƙarfi, da ruwa mai yawa cikin ƴan sa'o'i, sai abin ya haɗu. Ga kuma yashin da ke cike gadon kogin. A ma'aunin Yamai, jan gargaɗi yana farawa ne daga santimita 620. A Satumban 2020 ruwa ya kai wajen 700, ya fasa shingen kariya, ya shiga Lamorde, Karaje, Kirkisoy da Saga. Masu sa rai cewa madatsar Kandaji za ta kawo ƙarshen wannan, su duba taswira: Sirba da Dargol a ƙasan madatsar suke shiga kogi.

Shekarun farin sun bar wani tarko. Wurare da dama da tsofaffi suka sani a matsayin kwari ko tabki sun bushe shekara ashirin, har aka ɗauka sun zama tudu, aka yanka aka gina. Bayan ambaliyar 2012 an kai wasu iyalai Seno, amma wasunsu sun koma inda suka fito, domin wurin ya yi nesa da abin da suke ci da shi. Wannan ma darasi ne da bincike ya sha nanatawa: fili kaɗai ba ya tayar da mutum, sai da ruwa, makaranta da hanyar zuwa aiki.

A 2024 abin ya game ƙasa. Alƙaluman hukuma sun nuna mutuwar kusan mutum 400, sama da miliyan ɗaya da rabi kuma abin ya shafa, jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi a farkon Satumba. Komawa makaranta sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba. A Maraɗi da Damagaram ba kogi ne ya yi ɓarnar ba, ruwan sama ne da ya rasa mafita.

Sauran fannoni ba su samu kulawa kamar haka ba. Wani binciken gida-gida da masana sufuri daga Lyon suka yi a Yamai a 1996 ya nuna mafi yawan zirga-zirgar mutane da ƙafa ake yinta, amma har yau titunanmu don mota ake zana su, mai tafiya ƙasa ya yi ta kansa tsakanin kabu-kabu da rumfunan ƴan tireda. LASDEL ta yi nazarin shara da tsabta a Dogonduci da Tilaberi. Shirye-shiryen ƙawata birane na bikin 18 ga Disamba, Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018, sun bar kwalta da gine-gine, sai dai ranar biki ce ta tsara su, ba taswirar ruwa ba.

Ƙetaren iyaka

A matakin jaha, babban abin da masana suka nuna shi ne cewa ba a tsara kudancin Nijar a tsaya a kan iyaka. Maraɗi da Katsina da Kano kasuwa ɗaya ce, haka Ƙonni da Illela, haka Gaya da Malanville da Kamba, inda Olivier Walther ya yi nazarin hulɗar ƴan kasuwa. Rufe iyaka na 2019 da na 2023 sun nuna wa kowa hakan a farashin buhu. Shirin Africapolis kuma, wanda ke ƙirga duk wani matsuguni mai mutum dubu 10 da gidajensa ke haɗe a matsayin birni, ya fito da tarin ƙananan garuruwa a wannan yanki da har yanzu takardun hukuma ke kira ƙauyuka. Ba su da kundin tsari, ba su da ma'aikacin da ya karanci fannin, kuma su ne ke girma a yanzu. Layin dogo da Najeriya ta fara shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi a 2021 zai ƙara wa filayen hanyar Ɗan Isa daraja tun jirgi bai iso ba.

Me ya hana a yi aiki da shi

Kusan duk wannan ilimi da Faransanci yake, wani da Ingilishi, a mujallun da kansila ko mai unguwa ba zai taɓa gani ba. Kundayen ɗalibai na kwance a ɗakunan karatu na sassa. Kuɗin bincike galibi daga waje yake zuwa, don haka mai ba da kuɗi ke zaɓen tambaya, kuma Yamai ta kwashe kaso mafi tsoka ta bar Tawa da ƙananan garuruwa. Ƙidayar da ake dogaro da ita ta 2012 ce. Su ma masanan suna da nasu laifin: kaɗan ne ke zuwa rediyo su faɗi abin da suka gano da Hausa ko Zabarmanci. Amma dalili mafi girma shi ne wanda aka ambata a sama. Taswirar da ta ce kada a gina a nan tana hana wani kuɗi, kuma wanda zai sa hannu ya san da haka.

Mai shirin sayen fili ba sai ya jira an gyara wannan duka ba. Hanyoyin da masu bincike ke bi, wasunsu kowa na iya bi. Ya je wurin a watan Agusta, kashegarin ruwa mai ƙarfi, ba a bazara ba. Ya tambayi tsofaffin manoman wurin sunan da ake kiransa da shi a da, domin suna mai fadama, tabki ko ƙorama a ciki ya riga ya ba da amsa. Ya duba tsofaffin hotunan wurin a Google Earth, wanda a kwamfuta yake nuna shekarun baya. Ya tambaya a ma'aikatar magajin gari da ofishin tsarin birane na jaha ko an amince da lotisman, ya ga lambar filin a kan taswirar da aka sa wa hannu. Ya kuma san cewa shaidar mai gari daban, takardar acte de cession daban, titre foncier kuma daban, wannan ta ƙarshen ce ta fi ƙarfi a gaban alƙali da banki. Rahotannin LASDEL suna nan kyauta a shafinta na intanet, kundayen digiri da yawa da aka kare a Faransa ma haka, har da waɗanda ke ɗauke da taswirar unguwannin Yamai da ruwa ke ci.